Mahaifina Muƙaddami Ne, Manemina Ɗan Izala: Shin In Yarda Mu Tafi Kotu?

Assalamu alaikum, Hajiya. Shekarata 28, na kammala digiri, ina koyarwa a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a Kano. Ƙannena mata biyu sun yi aure sun bar ni a gida. Na haɗu da wani saurayi a wurin bitar malamai, mun fahimci juna, kuma ban ga aibu a halinsa ba. Matsalar ita ce mahaifina muƙaddami ne a ɗariƙar Tijjaniyya, yana da zawiyya a ƙofar gidanmu, shi kuwa saurayin ɗan Izala ne. Mahaifina ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda yake yi masa kallon ɗan bidi'a ba. Mahaifiyata da farko ba ta damu ba, amma da ta ji ya ce ba zai yi lefe ba, ba ya son kamu da yinin biki, sadaki da walima kaɗai ya sani, sai ita ma ta juya masa baya. Yanzu ya ce idan mahaifina ya ƙi, mu tafi kotu alƙali ya zama waliyyina. Ina son sa, ina tsoron shekaru, ina kuma tsoron fushin iyaye. Me zan yi?

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah, 'yata. Zan fara da amsar da kika fi bukata: kada ki yarda a tafi kotu a yanzu. Shari'a ta buɗe wannan ƙofa, kuma zan bayyana miki iyakarta a gaba, amma akwai tambayoyin da ya kamata saurayin nan ya amsa miki tukuna, waɗanda wasiƙarki ta nuna ba a yi su ba, kuma amsarsu ce za ta nuna ko auren ya kai a ɓata wa uba rai saboda shi. Abin da kike gani kamar matsala ɗaya rigima uku ce aka ƙulle wuri guda. Akwai ta aƙida tsakanin mahaifinki da manemin, akwai ta dukiya da mutunci tsakanin mahaifiyarki da shi, sannan akwai wadda ba wanda ya furta, wato wane ne yake da iko a kan aurenki da kuma rayuwarki bayan an ɗaura shi. Ta ukun nan ita ce babba, kuma ita ce kowane ɓangare yake lulluɓewa da harshen addini.

Ki fara da sanin cewa halin da kike ciki ba laifinki ba ne. A zamanin kakanninki aure a ƙasar Hausa yarjejeniya ce tsakanin gida da gida. Yarinya takan yi aure jim kaɗan bayan ta balaga, mijin kuwa sau da yawa ɗan baffa ne ko ɗan gwaggo, ko almajirin uba, ko ɗan abokin sana'arsa, kuma uban yaro ne yake ɗaukar ɗawainiyar auren fari daga amfanin gandu, ya yanka masa ɗaki a cikin gida. Wanda ya biya kuwa shi yake da ta cewa. A irin wannan tsari da wuya a sami saɓanin aƙida tsakanin surukai, domin an san gidan da za a kai yarinya tun kafin ita ta san kanta, kuma malamai sukan yi auren sadaka, su ba almajiri 'ya saboda sun yarda da karatunsa da biyayyarsa. Mahaifinki ya tarar da ƙarshen wannan tsari, kuma da ma'auninsa yake auna manemin da ya zo masa daga wurin da bai sani ba.

Abin da ya kwance tsarin sananne ne. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka ƙaddamar a 1976 ya shigar da yara masu yawa makarantar boko, gandu ya watse, mutane suka kwararo birni neman aikin albashi da kasuwanci, sannan matsin tattalin arziki da ya biyo bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa iyaye da yawa suka kasa yi wa 'ya'yansu maza auren fari. Saurayi ya koma tara kuɗin aurensa da kansa, don haka yakan kai 30 ko ya haura kafin ya shirya, kuma tun da shi ya tara, yana ganin shi ya kamata ya zaɓa. Ta ɓangaren mata, wadda za ta yi shekara 6 a firamare, 6 a sakandare, 4 a jami'a, sannan ta yi bautar ƙasa, ba za ta yi aure a shekarun da kakarta ta yi ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna matsakaicin shekarun auren fari na matan Najeriya kusan 19 ne, matan da ba su shiga makaranta ba sukan yi aure a wajen 16, waɗanda suka yi karatu mai zurfi kuwa sukan daɗa shekaru masu yawa a kan haka. Zance ma ya tashi daga zaure, inda idon manya yake kai, ya koma makaranta da wurin aiki da WhatsApp. Iyayen da suka tura ki jami'a su ne suka kai ki inda za ki haɗu da wanda ba su zaɓa ba, ko da ba da wannan niyya suka yi ba.

A daidai wannan lokaci addini ma ya sake fasali a birane. An kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, bisa tafarkin wa'azin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda tafsirinsa na masallacin Sultan Bello yake shiga gida-gida ta Rediyon Kaduna. Waɗanda suka fara karɓar kiran galibi matasa ne, ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa masu tasowa, kuma idan kika duba abin da aka yi musu wa'azi a kai za ki gane dalili. Bayan sukar ayyukan ɗariƙu, an gaya musu cewa almubazzaranci a biki da suna ba ya cikin sunna, cewa durƙusa wa manya wajen gaisuwa bai dace ba, cewa mutum zai iya neman hujja daga Alƙur'ani da hadisi ba sai ta hannun shehi ba, aka kuma buɗe wa matan aure makarantun Islamiyya. Saurayin da yake neman kuɗin aure da guminsa ya sami hujjar addini ta rage kashe kuɗi, ya kuma sami hujjar ce wa dattijo a'a. Ba ina nufin ba da gaskiya suka yi imani ba, domin da yawansu sun sha wuya a kan abin da suka yarda da shi, wasu har iyaye suka kore su daga gida. Abin da nake so ki lura da shi shi ne kira yakan fi shiga zuciyar wanda ya amsa masa wata damuwa da yake fama da ita a rayuwa, kuma damuwar samarin birni ta dace da wannan kira.

Tafarkin mahaifinki shi ma ya taɓa zama sabon abu. Idan, kamar yawancin Tijjanawan Kano, yana bin failar Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, to ya san cewa lokacin da ta bazu a shekarun 1940 da 1950 an yi ta tayar da jijiyar wuya a kan ƙabalu da sadalu, har wasu suka ƙi bin wasu salla, amma yau ba ka jin an hana mutum aure don yana ɗora hannu a ƙirji. Haka kuma a shekarun 1980 zafin rikicin Izala da ɗariƙa ya kai wasu ba sa cin yankan juna, aure ya mutu a gidaje saboda shi. A yau kuwa gidaje da yawa a Kano suna da ɗan Izala da ɗan ɗariƙa uwa ɗaya uba ɗaya, suna cin tuwo a kwano ɗaya. Saɓanin yana nan, amma mutane da yawa sun koyi zama da shi.

Ni ba zan yi alƙalanci a kan Salatul Fatihi ko Maulidi ba, malamai sun fi shekara 40 suna kai-kawo a kansu, kuma aurenki ba zai jira su gama ba. Tambayar da ta shafe ki ta fi wannan sauƙi, ta kuma fi shi nauyi: shin saurayin nan yana ɗaukar mahaifinki Musulmi mai kuskure a wasu mas'aloli a ganinsa, ko kuwa yana ɗaukarsa mushriki? Tsakanin waɗannan biyu akwai tazara mai nisa, kuma 'yan Izala su kansu ba bakinsu ɗaya a kai ba. Kada ki karɓi amsar fatar baki irin ta mai neman aure. Ki tambaye shi abubuwan da za su faru a zahiri. Idan ya zo gaisuwa lokacin Magariba ya yi, Malam, wato mahaifinki, ya shiga gaba, zai bi shi salla? Zai ci naman layyar da Malam ya yanka? Idan Allah ya ba ku haihuwa, zai bar yaran su kwana a gidan kakansu, inda za su ji ana wazifa? Idan Malam ya riga mu gidan gaskiya, zai tsaya a sahun jana'izarsa ya yi masa addu'a? Mutumin da ya amsa waɗannan da e, ko da ba zai taɓa zama a da'irar zikiri ba, ana iya zama da shi. Wanda ya yi shiru ko ya fara kwana-kwana, to tsoron mahaifinki yana da tushe, domin ba uban da zai so jikokinsa su tashi ana gaya musu kakansu ba Musulmi ba ne, kuma ke ce za ki rayu tsakanin miji da uba kina ɓoye wa kowane ɗaya maganar ɗaya.

Adalci ya sa in ce irin wannan tambaya tana kan mahaifinki shi ma. Idan yana ganin duk ɗan Izala maƙiyin Annabi ne, sallallahu alaihi wasallama, to ya yanke hukunci a kan mutumin da bai zauna da shi ba. Malaman Malikiyya, da suke magana a kan dacewar miji da mata, abin da suka fi ƙarfafawa shi ne addini da kuɓuta daga aibobin da ke ba mace damar ƙin aure, ba su sa nasaba ko dukiya a gaba ba. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito sananne ne a wurin Malam fiye da ni, cewa idan wanda kuka yarda da addininsa da halinsa ya zo muku, ku aurar masa. Abin da ake bukata shi ne a ba shi damar ganin addinin yaron da halinsa da idonsa, maimakon sunan ƙungiyarsa kaɗai.

Yanzu maganar kotu. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Kano suke hukunci da ita, waliyyi rukuni ne na aure, kuma uba shi ne kan gaba. Gaskiya ne shari'a ta hana waliyyi tauye mace. Aya ta 232 ta Suratul Baƙara ta sauka a kan Ma'aƙil ɗan Yasar, wanda ya hana 'yar'uwarsa komawa ga mijin da ya sake ta alhali su biyun suna so, kuma idan ta tabbata waliyyi yana hana aure don cutarwa, alƙali yana umartarsa ya aurar, idan ya ƙi a ɗaura ba da shi ba. Amma malaman mazhabar sun bambanta uba da sauran waliyyai a kan budurwa: ba a ɗaukarsa mai tauyewa don ya mayar da manemi ɗaya, ko ma fiye da ɗaya, sai an tabbatar cutarwa yake nufi, saboda ana kyautata zaton uba ya fi kowa tausayin 'yarsa. Saboda haka abin ba kamar yadda saurayin ya kwatanta miki ba ne, a je yau a ɗaura gobe. Za a kira Malam, a tambaye shi dalili, kuma idan ya ce yaron yana kafirta shi, sai an bincika.

Ki kuma auna abin da za a biya ko da an yi nasara. Muƙaddami mai almajirai ya tsaya gaban alƙali 'yarsa tana ƙararsa, wannan rauni ne da kan daɗe bai warke ba. A tsarin zamanmu gidan iyaye shi ne garkuwar mace a gidan miji: nan take zuwa wankan jego a haihuwar fari, nan take nufa idan ta yi yaji, kuma su baffa da kawu ne suke zaunar da miji idan ya zo biko su gindaya masa sharaɗi. Kowa ya san yadda saki ya yawaita a garin nan. Macen da ta shiga aure ta ƙofar kotu ta shiga ba tare da wannan garkuwa ba, kuma mijin ya san haka. Shi ba abin da zai rasa idan an je kotu, iyayensa suna nan, danginsa suna nan, ke ce za ki yi asara. Saurin da ya yi wajen kawo wannan shawara, tun bai turo manyansa sun yi ta sintiri ba, abu ne da ban ji daɗinsa ba. Mai yiwuwa zafin so ne da ƙuruciya, amma ki riƙe shi a ranki kina lura.

Rigimar mahaifiyarki ita ce mutane suka fi rainawa, suna cewa son bidi'a ne da gasa irin ta mata, ni kuwa ina ganin tana da hujjar da ba a saurara ba. Biki adashin mata ne. Shekara da shekaru Hajiya mahaifiyarki tana kai gudummawa bikin 'ya'yan ƙawayenta da danginta, kuɗi da atamfa da kwanuka, kowa ta san abin da aka kawo mata da abin da za ta mayar, sau da yawa har da ƙari. Ranar bikin 'yarta ita ce ranar kwasarta, kuma da wannan gudummawa ake cike giɓin kayan ɗaki. Wanda ya ce a soke yinin biki ya soke mata kwasa bayan ta gama zubi. Ga kuma maganar mutunci: ƙannenki biyu an kawo musu akwatuna an nuna wa dangi, idan ke babba, wadda aka daɗe ana yi wa tsegumin rashin aure, aka kai ki shiru, ta san abin da za a faɗa a unguwa, cewa neman kai aka yi da ke.

Shi ma saurayin yana da gaskiyarsa. Lefe ba sharaɗin aure ba ne, kuma ya kumbura har ya zama katangar da ta tsare samari da 'yan mata da yawa a gidajen iyaye. Nauyin ya kai gwamnati ta shiga tsakani: a 2012 gwamnatin Kano ta hannun Hukumar Hisba ta fara aurar da zawarawa da ma'aurata 100, a watan Oktoban 2023 kuma aka ɗaura wa ma'aurata 1,800 aure. Amma ki duba abin da gwamnatin ta ɗauka. Ta biya sadaki, wanda yake kan namiji, ta kuma ba da gado da katifa da jari, waɗanda a al'ada iyayen mace ne suke fama da su. Wato nauyin kafaɗa biyu yake dannewa, kuma a nan ne nake so ki gwada gaskiyar saurayinki. Ki tambaye shi, idan an bar lefe saboda ba ya cikin sunna, shin an bar kayan ɗaki da gara su ma? Samari da yawa suna tuna sunna a kan akwati, amma su yi shiru idan motar gado da kujeru da firij da kayan kicin ta tsaya a ƙofar gidansu, buhunan shinkafa da jarkokin mai da alkaki da nakiya suka biyo baya. A shari'a muhalli da ciyarwa da tufatarwa duk a kan miji suke, kuma a Malikiyya abin da ake neman amarya ta yi kayan ɗaki da shi gwargwadon sadakin da ta karɓa ne. Idan ya ce shi zai sa gado da kujeru a gidansa, Hajiya ta kawo abin da ya sawwaƙa, to mutum ne mai bin ƙa'idarsa har inda ta taɓa aljihunsa, kuma ya cancanci girmamawa. Idan kuwa yana jiran jere cikakke alhali ya ƙi lefe, to sauƙi yake nema wa kansa, ya bar wa iyayenki wahala.

Wannan rigima tana da mafita idan an so. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabarmu rubu'in dinari ne, amma ba a yi masa iyaka ta sama ba, kuma aya ta 4 ta Suratun Nisa'i ta sa shi kyauta ce ta mace ita kanta. Zai iya ƙara sadakin ya yi kauri a madadin akwatuna goma sha, ya kuma kawo tufafi daidai ƙarfinsa, tun da tufatar da ke wajibinsa ne ko da wane suna aka kira kayan, gwaggonninsa su kawo wa gwaggonninki ba tare da an baza su ana ƙirgawa ba. Biki kuma ba dole ne ya zama ko dina ta cakuɗar maza da mata ko shiru kamar gidan makoki ba. Buhari ya ruwaito cewa Nana A'isha ta raka wata amarya gidan wani mutumin Madina, sai Annabi, sallallahu alaihi wasallama, ya tambaye ta ko ba su tafi da abin nishaɗi ba, domin mutanen Madina suna son nishaɗi. Yinin mata zalla a cikin gida da rana, Hajiya ta tara ƙawayenta ta karɓi gudummawarta, shi kuma ya yi walimarsa yadda yake so, wannan ba zai rushe aƙidar kowa ba.

Saura ta ukun, wadda na ce ita ce babba. A duk wasiƙarki na ji abin da Malam yake so, da abin da Hajiya take so, da abin da saurayin yake so, amma ban ji sharaɗi ko ɗaya da ke kika gindaya ba. Sauyin da ya ba samari damar zaɓar mata da kansu bai zama lallai ya ƙara wa mace 'yanci ba, wani lokaci iko ne kawai yake tashi daga hannun uba da dangi, inda mutane da yawa suke da baki, ya tattaru a hannun miji shi kaɗai. Saboda haka ki yi magana tun yanzu. Za ki ci gaba da koyarwa bayan aure, har da bayan haihuwa? Albashinki naki ne, kamar yadda shari'a ta tabbatar da dukiyar mace a hannunta, ko yana sa ran ya shiga cefane? Sau nawa za ki je gida, kuma idan ana Maulidi a gidanku, dangi na nesa sun zo, zai bar ki ki je ko don zumunci? Wace Islamiyya yara za su shiga? Wace irin shiga yake so ki riƙa yi, kuma kin yarda da ita? Ke kanki, da kika tashi kina jin wazifa safe da yamma, mene ne matsayinki a zuciyarki, kuma zai bar ki a kansa ko yana da niyyar sauya ki bayan an kai ki ɗaki? Ki ce masa ya faɗa a fili.

Abin da kuka daidaita a kai kada ya tsaya a saƙon waya. A faɗe shi gaban wakilan ɓangare biyu, a rubuta, a sa hannu. Hadisi ya inganta a Buhari da Muslim cewa sharuɗɗan da suka fi cancantar a cika su ne waɗanda aka halatta aure da su. Sai dai malaman Malikiyya ba kowane sharaɗi suke ɗauka mai tilasta miji a gaban alƙali ba, ya danganta da yadda aka ƙulla shi, don haka ki nemi malami masanin fiƙihun aure ya nuna muku lafazin da ya dace. Wannan karatu haƙƙinki ne, kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, inda Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'yan taru suna kai wa mata ilimi har ƙauyuka. Tun da kowa a maganar nan da aya da hadisi yake kare matsayinsa, bai kamata ke kaɗai ki zauna ba ki san naki ba.

Akwai abu guda da ya kamata ya riga duk wannan, wato gwajin lafiya. Tun 2024 dokar jihar Kano ta wajabta gwaji kafin aure, wanda ya haɗa da nau'in ƙwayar jini, wato genotype, saboda cutar sikila, da ƙanjamau, da ciwon hanta. Ku je ku yi shi yanzu a asirce. Ba hikima ba ce a tayar da hankalin gida wata da watanni, sannan sakamako ya fito ya nuna ku biyun kuna ɗauke da ƙwayar sikila.

Idan gwaji ya yi kyau, saurayin kuma ya amsa tambayoyin nan yadda hankali zai kwanta, sai a nufi Malam ta hanyar da ta dace da girmansa. Kada ki tsaya gabansa kina jayayya da hujjoji, domin uba irinsa ba zai so a ce 'yarsa ta kayar da shi a mas'ala ba, ko da ya gamsu a zuci. Ki fara da Hajiya, tun da tata rigimar ta fi saurin warwarewa, kuma idan ta dawo ɓangarenki kin sami mai magana a lokacin da ba kowa. Sannan ki sami gwaggo ko baffan da Malam yake jin nauyinsa ki buɗe masa cikinki. Idan akwai wani shehi ko babban muƙaddami da yake girmamawa, musamman wanda shi ma yake da suruki ko ɗa ɗan Izala, kuma irinsu suna da yawa a Kano, maganarsa za ta fi ta kowa shiga. Shi kuma saurayin ya turo manyansa, dattawa masu natsuwa, su zo su koma su sake dawowa ba tare da gajiya ba, shi kansa ya riƙa zuwa gaisuwa, ya bi Malam salla, ya riƙe harshensa daga muhawara a zauren mutumin da yake neman 'yarsa. Ba a neme shi ya karɓi ɗariƙa ba, kuma kada ya yi abin da bai yarda da shi ba don neman shiga, domin Malam zai gane. Ladabi kawai ake nema, wanda ba ƙungiyar da ta hana shi.

Ki ba wannan ƙoƙari wata uku zuwa shida, kina istihara, kina kuma lura da yadda saurayin yake ɗaukar jinkiri, domin haƙurinsa da mahaifinki a yanzu shi ne samfurin haƙurinsa da ke nan gaba. Idan ya gaza, ya nuna ba zai iya bin Malam salla ba, ko ya ƙi maganar aikinki, ko ya dage sai kotu, ki rabu da shi ko da zuciyarki tana ciwo, kuma kada shekara 28 ta tsorata ki. Na san nauyin zama a gida bayan ƙanne sun tafi, na san irin kallon da ake yi wa mace a wurin suna da biki, amma mata masu karatu da aiki irinki suna yin aure a wannan shekaru da bayansu, kuma auren da aka shiga don gudun magana yakan mayar da mace gida da wata maganar da ta fi ta farko zafi.

Idan kuwa ya cika duk abin da aka nema, manya suka yi iya yinsu, Malam ya gan shi ya san halinsa amma ya kafe a kan sunan ƙungiya kaɗai, kuma ba shi da wani manemi da ke kika yarda da shi, to a nan maganar ta sauya, domin hana mace mai shekarunki mijin da ba a sami aibu a addininsa da halinsa ba yana kusantar cutarwar da malamai suka ambata. Ko a lokacin ma a fara da zaman sulhu, a gaban limamin unguwa ko mai unguwa ko sashen sulhu na Hisba, inda za a iya roƙon Malam ya wakilta ɗan'uwansa ya ba da auren idan shi ba zai iya furtawa da bakinsa ba, wanda hanya ce da take tsare mutuncin uba ta kuma halatta aure. Kotu sai idan wannan ma ya ci tura, kuma kada ki shige ta sai da baffa ko kawu a gefenki, domin a san ba ki fita daga dangi ba. Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ya sanyaya zuciyar mahaifinki.